Allurar da Ba Ta Kama Ba

Ƙyanda ta shigo gidan hayar su Dauda tela, a unguwar Kalley ta birnin Yamai, da farkon zafi, lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa, tiyar hatsi kuma ba ta sauko ba tun farin da aka yi. Gidan cike yake da yara, kowane ɗaki da nasa, amma ta tsallake kowa ta sauka a kan Amadu, ɗan Dauda na fari, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Zazzaɓi ya fara zuwa, idanu suka yi ja, sannan ƙuraje suka fito jefi-jefi a bayan kunne, ba su ma fito da kyau ba. Abin da ya tsaya wa Dauda a wuya shi ne an yi wa yaron allurar rigakafi. Shi da kansa ya tare wa yaron da uwarsa taksi ranar.

Dauda mutum ne da bai yarda akwai abin da ke faruwa haka kawai ba. Idan allurar kekensa ta karye, mai sayarwa ne ya cuce shi. Idan kuran, wato lantarki, ya ɗauke yana tsakiyar ɗinki, to telan da ke kallon shagonsa ne ya san wani a wurin masu wuta. A yi masa adalci, ba mugu ba ne, yana da kyauta kuma ba ya cin yadin mutane. Sai dai in abu ya same shi, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya samo wanda zai rataya wa.

Wanda ya fara samu shi ne majo, babban ma'aikacin disfanser, ƙaramin asibitin unguwa. Dauda ya rufe shago ya je ya tsaya masa a ka, mata suna layi da goyo suna kallo.

"Ruwa kuka ɗura wa ɗana," ya ce. "Ko dai firigonku ya mutu kuka yi shiru, ko kun sayar da mai kyan kun bar wa talaka saura."

Majo bai ɗago daga hannun jaririn da yake riƙe da shi ba. "Malam, kwalba ɗaya aka buɗe musu ranar. Ɗanka da ɗiyar mai wainar gidanku a jere suke. Ita ta kamu?"

"Ba ta kamu ba."

"To ka kai yaronka babban asibiti, ka bar ni in yi aiki."

Dauda ya fito yana cewa bakinsu ɗaya da mai waina. Ko shi da ya faɗa bai gama yarda da maganar ba.

Wadda ta goya Amadu zuwa asibiti ba uwarsa Salamatu ba ce. Balki ce, maƙwabciyarsu, wadda bango ɗaya ya raba ɗakinta da nasu. Balki Bazabarma ce 'yar Gudel, ta girme wa Salamatu, Hausarta ta kasuwa ce, takan mai da namiji mace ta mai da mace namiji kuma ba ta neman gafarar kowa. Mijinta Sumana yana jan kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Kotonu, sai ya yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba.

Akwai dalilin da ya sa Balki ke goya yaron kamar nata. Sun haihu kusan tare da Salamatu. Ɗiyar Balki, Zeinabu, ba ta yi ƙwari ba: gudawa, tari, farin baki, har ta rasu a tsakiyar yunwar. A shekarar nan ba a tambayar abin da ya kashe jariri, ana cewa zafi da yunwa ne, a yi addu'a a tashi. Kwanaki kaɗan bayan haka Salamatu ta tafi layin hatsin rahusa, inda sojoji ke tsare da layi kuma mutum kan wuni bai kai gaba ba. Da ta dawo da la'asar ta tarar da ɗanta yana barci a ƙirjin Balki, bakinsa duk nono. Nonon Balki ya cika yana mata ciwo tun ranar jana'iza, na Salamatu kuwa yunwa ta rage shi. Babu wadda ta ce wa wata komai. Washegari ma haka aka yi, aka ci gaba har watanni.

Ba abin ɓoye ba ne. Duk gidan an sani, har ana tsokanar Balki cewa ta yi asarar suruki, don duk ɗiyar da za ta haifa nan gaba ta haramta ga Amadu. Salamatu, mai kunyar ɗan fari, wadda ko sunansa ba ta faɗa, ta ji daɗi da aka samu mai ɗaukarsa a gaban mutane. Tana son Balki so na gaskiya, irin wanda ba ta yi wa 'yan ɗakinsu da ke can Dogon Dutsi ba.

A asibiti ƙyandar ta sauka a ƙirji. Aka kwantar da yaron, numfashinsa na fita da ƙyar. Likitar yara, wata siririyar mace mai suna Halimatu, ta duba bakinsa, ta tambayi sau nawa ya yi gudawa tun damina, ta daɗe tana kallon awon nauyinsa. Sannan ta nemi izinin iyayen ta gwada jininsa. Dauda ya ce a gwada, a ma gwada da kyau, don ya samu abin da zai kai majo ƙara da shi.

Da sakamako ya fito ta kira su ofis ta rufe ƙofa.

"An yi masa allurar, kuma ban ga alamar allurar ta lalace ba," ta ce. "Jikinsa ne bai riƙe ta ba. Yaronku yana da ƙwayar sida, wato ƙanjamau."

Dauda ya ce, "Me ya haɗa wannan da allura?"

"Kai tela ne, ko? Allurar rigakafi ba magani ba ce da ke zama a jiki. Nuna wa garkuwar jiki cutar take yi, garkuwar ta gane ta, ta ajiye a ranta. Ita kuma wannan ƙwaya garkuwar take ci. Kamar ka yi ɗinki mai kyau ne a yadin da asu ya fara ci. Zaren lafiya lau, amma ba shi da inda zai kama."

"Ɗan nawa ne yadin asu?"

"Yadin da ake iya gyarawa, Malam. Akwai magani, kyauta ne. Idan ya tsallake wannan ƙyandar za mu fara ba shi, garkuwar ta farfaɗo, sannan mu sake masa alluran daga baya. Amma yara yawanci daga uwa suke samu. Ina so in gwada ku duka biyu."

A bencin da suka zauna jiran nasu sakamakon, Dauda ya matsa can ƙarshe. Salamatu tana jin yadda yake lissafa ta a ransa: zuwanta biki Dogon Dutsi, ɗan kawunta mai moto da ya taɓa kawo ta gida, wunin da take yi a layin hatsi. Ita ma, Allah ya sani, ba ta zauna haka nan ba. Ta tuna matan da ke shiga shagonsa awo, da labulen da yake saki. Auren da ba a taɓa jin kansu ba, a zama ɗaya kowa ya gama tuhumar ɗan'uwansa.

Sakamako ya fito, dukansu ba su da ƙwayar. Likita ta sa aka sake gwadawa, haka ya fito.

Mutum zai ce Dauda zai yi hamdala ya nemi gafarar matarsa ko da da ido ne. Ina. Kujerar da ya tanada wa mai laifi ce ta zama fanko, kuma ba ya jure ganinta haka.

"An taɓa ƙara masa jini?" in ji likita.

"A'a."

"Aska fa? Tsaga, ko cire belu?"

Dauda ya miƙe tsaye. "Idrisa wanzami. Shi ya cire masa belu ranar suna. Da ƙarfen nan nasa da yake gogewa a gefen riga."

"Zauna, Malam, ban gama ba. Wannan hanya ba ta cika..."

Ya riga ya kai ƙofa. Likita ta bi bayansa da kallo, ta juyo wurin Salamatu, ta rage murya.

"Ya taɓa shan nonon wata mace ban da ke?"

Salamatu ta ji tambayar ta shige ta har ciki. Ta ga fuskar Zeinabu, da farin da ya rufe mata baki, irin wanda likita ta gani a bakin ɗanta. Ta kuma ga Dauda tsaye a tsakar gidan haya yana faɗa da muryar nan tasa. Kafin magariba duk Kalley ta ji. Mai gida zai fitar wa Balki da kayanta, matan gidan za su janye kwanoninsu, dangin Sumana za su ce ita ta kawo musu. Balki ba ta da uwa ba ta da uba, wani yayanta ne kawai a Gudel mai noman ganyen salati, shi ma matarsa ke juya shi.

"A'a," ta ce.

Likita ta dube ta ɗan lokaci. "Idan kin tuna wani abu, ƙofata a buɗe take. Ita ma matar, in akwai ta, tana bukatar magani."

Daga ranar Salamatu ta koma kallon Balki da wani ido, kuma ta tsani kanta saboda haka. Kullum da hantsi Balki na zuwa da kwanon kunu a ɗaure cikin ɗankwali, ta gaishe da duk matan ɗakin da "Fofo" ta Zabarmawa, ta zauna bakin gado. Salamatu sai ta riƙa duban wuyanta. Ta rame, amma wa bai rame ba a shekarar nan? Tana ɗan tari, amma rabin Yamai na tari. To ko ta sani? Ko Sumana ya taɓa gaya mata wani abu ta haɗiye? Ko da saninta ta ɗauki ɗan mutane ta sa a ƙirji? Salamatu takan kai nan a tunani sai ta ji kunya ta rufe ta, don ga matar nan tana goge wa yaron majina da bakin zanenta, tana masa waƙa da Zabarmanci.

Wata rana yaron ya ƙi shiru, ya ƙi kunu, ya ƙi uwarsa. Balki ta ɗauke shi. Nononta ya daɗe da ƙafewa, amma takan ba shi ya riƙe don ya yi barci, kuma hannunta ya tafi wuyan rigarta kamar yadda ya saba. Salamatu ba ta san lokacin da ta fizge shi ba. Fizga mai ƙarfi, har robar ƙarin ruwan da ke hannunsa ta motsa.

Balki ta tsaya da hannuwa a buɗe. "Salame, lafiya?"

"Likita ta hana. Saboda ƙirjinsa."

"To," in ji Balki. Ta gyara rigarta a hankali. Da ta tafi ranar, ta manta ɗankwalinta.

Shi kuwa Dauda yana can ya sa Baba Idrisa a gaba. Tsohon wanzami ne da ke zama a inuwar masallacin unguwa, hannunsa har ya fara rawa, rabin mazan Kalley shi ya yi musu kaciya. Dauda bai faɗi sunan cutar a waje ba, wannan kam ya kiyaye, amma ya ce ƙarfen tsohon ya sa wa ɗansa ciwo a jini. Kuma Dauda yana da wani ajidan na soja da yake ɗinka wa kaki, mutumin da ke son a san yana da iko. A lokacin nan, in mai kaki ya ce a ɗauko mutum, ɗauko shi ake yi, tambaya sai daga baya.

Da azahar ya zo asibiti fuskarsa a sake, karo na farko tun kwanciyar yaron.

"Na gama magana da ajidan," ya gaya wa Salamatu. "Gobe zai tura yara su ɗauko shi da jakar askarsa. Zai faɗi ko mutum nawa ya yi wa haka."

"Malam, tsoho ne. Likita ma ba ta ce shi ba ne."

"To wane ne? Ke kin sani?"

Ta sunkuyar da kai. Ya ce zai je ya yi salla ya dawo.

Balki tana waje ƙarƙashin bishiyar bedi, inda masu jinya ke hura gawayi. Tun ranar fizgar ba ta shiga ɗakin sai an kira ta. Salamatu ta je ta zauna kusa da ita a kan tabarma, ta rasa ta inda za ta fara, sai ta fara ta tsakiya.

"Yaya Balki, ba ƙyanda kaɗai ke damun yaron nan ba. Sida ce. Shi ya sa allurar ba ta kama shi ba."

Balki ta dafe ƙirji. "Ke da Malam Dauda..."

"An gwada mu. Ba mu da ita."

"To daga ina?"

Salamatu ta kasa kallonta, ta kuma kasa kallon wani wuri. Balki ta bi idonta, ta sauke kai ta dubi hannunta da ke kan ƙirjinta, ta janye shi a hankali.

Wata mata a gefe tana fifita wuta, hayaƙi na zuwa kansu, babu wadda ta matsa.

"Kin sani?" in ji Salamatu. Ba ta so ta tambaya ba, amma tambayar ta daɗe tana cin ta. "Don Allah ki gaya mini. Kin taɓa sani?"

"Da na sani, Salame, zan ba shi?" Muryarta ba ta tashi ba. "Kwana nawa kina kallona da wannan a ranki?"

Salamatu ta fashe da kuka. Balki ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma yi nata kukan ba. Can ta ce, "Zeinabu ma ke nan ba yunwa ba ce."

"Ban sani ba, Yaya."

"Tashi ki kai ni wurin likitar."

Gwajin bai ɗauki lokaci ba. Likita ta riƙe Balki a ofis ta yi mata bayani mai tsawo, Salamatu na jira a benci. Da Balki ta fito ba sai an tambaye ta ba. Ta ce an ce ta dawo da safe a fara duba ta, a kuma kawo Sumana in ya sauka. A hanyar komawa Salamatu ta gaya mata maganar Baba Idrisa da ajidan, ta ce za ta san yadda za ta hana Dauda ba tare da an ambaci kowa ba, ko da ƙarya ce.

"Wace ƙarya ce ke tsayar da mijinki?" in ji Balki.

Sun tarar da shi a ƙofar ɗakin yara, yana leƙen ɗansa ta taga. Balki ta tsaya a gabansa.

"Malam Dauda, ka ƙyale tsohon nan. Ba ƙarfensa ba ne. Nonona ne. Yanzu aka gwada ni."

Salamatu ta ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dubi Balki daga sama har ƙasa kamar bai taɓa ganinta ba, ya dubi matarsa, ya ja numfashi irin wanda yake ja kafin ya tara wa mutum jama'a.

"Ke," ya ce. "Wa ya aike ki? Wa ya ce ki sa mini ɗa a ƙirjinki?"

"Kai ne."

"Ni?"

"Ranar da Salame ta tafi layin hatsi. Ya yi ta kuka, ka ba shi ruwa ya ƙi. Ka zo ƙofata da shi, tef ɗin awo a wuyanka, ina kwance ban ci komai ba tun da aka binne ɗiyata. Ka ce, Maman Zeinabu, ki taimake ni, zai mutu a hannuna. Na ce maka ba na iya kallon jariri. Ka ajiye shi a kan tabarmata ka fita."

Salamatu ba ta taɓa jin wannan ba. Ita dai ta dawo ta tarar da su, ta ɗauka Balki ce ta ji kuka ta shiga ta ɗauko shi.

Dauda ya buɗe baki. Ya waiga hagu da dama kamar mai neman wanda zai kira shaida, sai masu jinya da kwanoninsu. Ya jingina da bango, ya zame a hankali har ya zauna a ƙasa, da wandonsa mai guga, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu bai taɓa ta ba.

Balki ta ɗauko kwanon kunun da ta bari a gindin taga ta miƙa wa Salamatu. Sai a nan muryarta ta karye.

"Ni na dama. Babu komai a ciki, ko? Matar ta ce ba a ɗauka ta abinci, amma ki sake tambayarta."

"Babu komai, Yaya."

Salamatu ta shiga da kwanon. Balki ta tsaya a waje, nesa da ƙofa, hannuwanta a naɗe cikin mayafi. Yaron ya ɗan samu sauƙi ranar, yana zaune an tokare shi da filo. Ya karɓi cokali ɗaya, na biyu ya hango Balki ta taga. Ya ture hannun uwarsa, ya miƙa nasa hannun mai robar ruwa, ya fara kuka da 'yar muryar da ta rage masa yana cewa nya, nya, yadda 'ya'yan Zabarmawa ke kiran uwa.

Balki ta juya baya za ta tafi.

Dauda bai ɗago kai ba. "Maman Zeinabu," ya ce. "Shiga mana. Ba ki ji yana kiranki ba?"